Tsaron Baya a Fallomi

Sai da motarmu ta wuce Dikwa sannan na fara jin wani abu a jikina game da Ɗan'azumi direba. Tun daga Nguru a gidan gaba nake zaune kusa da shi, yana gutsira mini goro yana kirana ɗan'uwa. Da muka tsaya shan ruwa a wani ƙauye sai ya ce in koma baya, saman buhuna, wai wani babban fasinja zai shiga. Na hau. Daga can sama na dubi ƙasar da muke ratsawa, baƙa ƙirin, ta tsattsage kamar dugadugin tsoho, ba tudu ba itace. Na ce a raina, Habu, ko yanzu ka so juyawa ba ka san inda za ka dosa ba.

Ni mutumin Haɗeja ne, ɗan masunta. Kakannina daga gefen Tafkin Chadi suka zo, shi ya sa a gidanmu ake jin Barbarci. Ƙwallo a rairayin bakin kogi na koye ta, in ruwa ya ja, ƙafa ba takalmi. Da malaman makaranta da ma'aikatan gari suka haɗa ƙungiya, sai aka sa ni baya saboda tsawona da faɗin ƙirjina. Ban iya yanka ba, ban iya cin ƙwallo ba, amma in na tsaya ba a wuce ni. 'Yan kallo suka laƙaba mini Ganuwa. A wani wasa da muka je Nguru Ɗan'azumi ya gan ni. Ya ce akwai wani attajiri a Fallomi, can ƙasar Chadi, mai ƙungiya tasa ta kansa, yana neman ɗan baya ido rufe. Zai ba ni ɗaki da takalmin wasa, ya kuma sa a koya mini tuƙin mota. A lokacin Turawa ba su tafi ba, mu muna hannun Ingilishi, Fallomi tana hannun Faransa. Tuƙin nan shi ya ja ni.

Kafin mu isa iyaka a Gambaru, Ɗan'azumi ya tsayar da mota a daji ya hawo baya.

"Kwanta a tsakanin buhunan nan, zan rufe ka da tamfol."

"Don me, Yaya? Ba ka ce akwai takarda ba?"

"Takarda tana can wurin Alhaji. Kai dai kada ka yi tari."

Rana tana tsaka. Ƙarƙashin tamfol ɗin nan numfashi ma aiki ne, ga barkonon da ke cikin buhuna yana shiga hancina. Na ji motar ta tsaya, na ji ana magana da wani harshe mai fita ta hanci, sannan na ji takun mutum a kan kaya. Yana tafe yana caka sanda tsakanin buhuna. Sandar ta sauka a cinyata. Na cije hannun rigata na ƙame kamar gawa. Ya sake caka ta a wurin, ya tsaya jim, sai wani ya kira shi daga ƙasa ya sauka. Da muka yi nisa Ɗan'azumi ya yaye tamfol yana dariya. Ni ban yi ba. A nan na gane cewa ta ɓarauniyar hanya aka shigo da ni ƙasar mutane.

A Kusuri muka iske kogi. Tunda na baro gida ban ga ruwa mai tafiya ba sai ranar. Ya fi namu faɗi nesa ba kusa ba, amma ƙamshin laka da kifi iri ɗaya ne. Da jirgin fito ya ɗauke mu da motar zuwa Fallomi a ƙetare, sai na juya wa mutane baya don kada su ga idona.

Alhaji Bishara, attajirin da aka kawo ni wurinsa, fataucin fatu yake yi. A farfajiyar da ake shanya su ya karɓe mu, wari ya cika ko'ina, ƙudaje kamar hadari. Bai amsa gaisuwata sosai ba. Ya zagaya ni, ya sa hannu ya matsa ƙwaurina kamar mai tayin rago. Yana jin Hausa irin ta fatake.

"Daga yau sunanka Adum," in ji shi. "Ɗan ƙanwata ne kai, daga ƙauye ka zo. Haka na gaya wa hukuma, kuma maganata ta ishe su. A waje ka rage surutu. Hausar nan taka ka bar ta a ciki."

"Ranka ya daɗe, maganar tuƙin fa?"

Ya dubi Ɗan'azumi, su biyu suka yi murmushi. "Tuƙi yana nan zuwa."

Washegari na nemi Ɗan'azumi aka ce ya yi lodi ya koma. Ko sallama bai yi mini ba.

Tuƙin da aka koya mini shi ne ɗaukar ƙunshin fatu a ka daga rumfa zuwa mota, tun safe har azahar. Da la'asar mu tafi fili. Ɗakin da aka yi mini alkawari kuwa wani lungu ne a rumfar fatun. 'Yan ƙungiyar wasu Larabci suke yi, wasu Faransanci, wasu harsunan kudu, kuma ba wanda ya yi murnar zuwana, domin an cire ɗan gari aka sa ni. In na yi kuskure su yi ta magana suna nuna ni, ban san me suke cewa ba, sai dai na san zagi ne.

Mutum ɗaya ne ya bambanta, Ngaro, wanda muke tsaron baya tare. Mutumin kudu ne, Kirista, baƙi wuluk, ya girme ni, da tsaga a fuskarsa. Ranar da aka ba ni takalmi na farko a rayuwata, na wani ne da ya bar ƙungiyar, ya matse ni har yatsuna suka yi jini. Bayan atisaye Ngaro ya zo ya karɓe shi ya tafi da shi. Na ɗauka ƙwacewa ya yi. Bayan kwana biyu ya dawo da shi, ya jiƙa shi, ya cusa itace a ciki ya buɗa shi, ya shafe fatar da kitse. Ya ajiye a gabana ya ce, "Sa." Kalmar Hausa ta farko ke nan da na ji daga bakinsa, kuma duk Hausarsa ba ta fi cikin cokali ba. Amma a fili ba mu buƙaci harshe ba. In ya fita tarar mutum ni ina bayansa, in na fita yana bayana. Fito ɗaya zai yi in san ta ina haɗari yake zuwa.

Sai kuma Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya mai sayar da tuwo a gefen kasuwa. Wata rana na sa loma a baki na ji bandar tarwaɗa a miyar, irin wadda Innata take yi. Ban san lokacin da na yi santi da Barbarci ba, na haɗa da Hausa. Ta ajiye ludayi ta ƙura mini ido.

"Ɗana, wannan bakin ba na ƙauyen Alhaji Bishara ba ne. Bakin yamma ne. Daga ina?"

Na duba hagu da dama na ce, "Haɗeja."

"Haɗeja! Marigayi mijina can yake saro banda." Ta ƙara mini miya. "Ci abincinka. A nan kai Adum ne, ban ji komai ba."

Tun daga ranar bakin murhunta ya zama gidana. In ba masu saye, in zauna in yi ta ba ta labarin fadamarmu: yadda ruwa yake malalowa da damina har mutum ya bi kwalekwale daga gari zuwa Auyo, yadda shinkafa take kore shar har iyakar gani, yadda tsuntsaye suke taso wa gona mu yi ta kora da gwangwani. Ita ba ta taɓa zuwa ba, amma sai ta riƙa gyaɗa kai kamar garinsu nake faɗa.

A fili kuwa abin ya karɓe mu. Ƙungiyar da a da ake zura mata ƙwallaye ta zama ba a cin ta. Mutanen da suka ƙi ni suka fara kiran "Adum! Adum!" in na tare mutum. Har aka zaɓe ni da Ngaro cikin 'yan wasan da za su wakilci ƙasar gaba ɗaya, aka loda mu a mota zuwa Bangi, can kudu cikin kurmi. Aka jera mu a fili, aka busa kakaki, aka ɗaga tutar da ba tawa ba, aka kira ni da sunan da ba nawa ba. Na buga wasan da ban taɓa buga irinsa ba. Da aka tashi, wani mutum mai babbar riga ya kutso cikin jama'a ya kama hannuna.

"Kai, wannan ba Ganuwa ba ne na Haɗeja? Ni mutumin Katagum ne, na taɓa ganin wasanka! Yaya mutanen gida?"

Shugabannin tawagar suna tsaye dab da ni. Na dube shi, na girgiza kai, na zare hannuna kamar ban ji abin da ya ce ba. Ya bi ni da kallo baki buɗe. Duk tsawon hanyar komawa ban iya cin abinci ba.

Gab da faɗuwar damina muka kai wasan ƙarshe na cin kofin gari. Da ƙungiyar Turawan garin za mu kara. Ɗan gabansu wani dogon Bature ne da muke kira Jan Wuya, mai gudu kamar barewa. Ana gobe wasa Alhaji ya aika a kira ni zaurensa. Karo na farko ke nan da ya ce in zauna.

"Ka san Jan Wuya?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

"Duk fatar da ka ɗauka a ka, sai da sa hannunsa take fita ƙasar nan. Ya kusa komawa garinsu, yana son ya tafi da kofi. Bai roƙe ni ba, amma ni na san abin da ya kamata. Gobe in ya zo, ka ba shi hanya. Sau ɗaya ya isa. Na riga na yi magana da gola."

"Ngaro fa?"

"Ngaro taurin kai gare shi, kuma ɗan ƙasa ne. Kai fa?" Ya sunkuyo. "Kai magana ɗaya zan yi wa jandarma, in ce ban san ka ba. Ka san inda ake kai wanda ya shigo ba takarda? Arewa, cikin hamada, fasa dutse. Ba a cika dawowa ba."

Na fito. Na je wurin Ya Falmata na gaya mata. Ta daɗe tana juya tuwo kafin ta ce, "Ɗana, ni ban san ƙwallo ba. In ka ba shi hanya ba wanda zai ce ka yi laifi, rai ya fi kofi. In kuma ka kasa, ka san ƙofar gidana."

Har muka shiga fili ban yanke shawara ba. Garin duka ya fito. Turawa da matansu suna zaune a rumfa, Alhaji a gefensu, talakawa sun yi da'ira a rana, jandarmomi suna tsakani da kulake. Kafin hutu Jan Wuya ta ɓangaren Ngaro ya yi ta bi, Ngaro kuwa ya hana shi sakat. Aka tafi hutu ba ci. Ina shan ruwa na ɗaga kai, muka haɗa ido da Alhaji. Bai yi mini alama ba, kallona kawai ya yi.

Da aka dawo Jan Wuya ya sauya ya dawo ɓangarena. Sau biyu ana jefo masa ƙwallo ta sama ina riga shi sa kai. Na gaya wa kaina wannan ba laifi ba ne, ba a ƙafarsa take ba. Lokaci yana tafiya, hadari ya haɗo daga gabas, alƙalin wasa ya fara duba agogo. Sai ga ta an zuro masa ta ƙasa. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu. Ngaro ya zame ya faɗi. Saura ni, sai gola a bayana wanda na san ba zai kama ba. Na ji fiton Ngaro daga ƙasa inda yake kwance.

Ban yi tunani ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba. Na zube na miƙa ƙafa, na taɓa ƙwallo ta fice waje. Jan Wuya ya yi tsalle zai haye ni, ya dira, ƙafarsa ta faɗa cikin wata tsagar ƙasa. Ƙarar da na ji irin ta busasshen kara ce in an taka. Ya yi ihu ya riƙe ƙwaurinsa.

Alƙali ya busa usur, bai nuna laifi ba, ya nuna an tashi. Amma ba wanda ya saurare shi. Talakawa suka ɓarke da sowa suka keto fili, Turawa suka miƙe suna ɗaga hannu. Na durƙusa kusa da Jan Wuya ina ce masa sannu, da Hausa, na manta da Adum. Da na ɗago sai na ga Alhaji yana nuna ni da yatsa, jandarmomi uku sun nufo ni.

Ngaro ya sha gabansu. Ya ware hannuwa kamar yadda yake tare ɗan gaba, yana musu magana da ƙarfi. Kulki ya sauka a kafaɗarsa, bai matsa ba. Wani ya sauka a kansa. Ya waiwayo, jini yana bin tsagar fuskarsa, ya ce mini, "Gudu."

Na gudu. Na cire riga da takalmi na yar a cikin cunkoso, ruwan sama ya tsuge, na bi lunguna har gidan Ya Falmata. Ta tura ni bayan tarin itacenta ta jero tabarmi. Kwanaki ina nan, ana zuwa ana tambaya tana cewa rabonta da ni tun kafin wasa. Ita ta gaya mini Alhaji ya rantse bai san asalina ba, kuma an tsare Ngaro. An sa ido a jirgin fito, ba mai hawa sai an duba fuskarsa.

"Ka ce kai ɗan masunta ne," in ji ta wata safiya. "Yau kasuwar Kusuri. Mata za su haye a babban kwalekwale, mai shi ɗan ƙanena ne. Kai za ka riƙe gora."

Ta ba ni tsumman riga da malafa. Na sauka bakin ruwa rana ta fito sarai, na shiga na tsaya a baya da gora a hannu, mata suna ta loda ƙwarya da tabarmi. Saura kaɗan mu tashi sai ga jandarma, baƙar fata, da bindiga a kafaɗa. Ya bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kaina. Na sunkuyar da kai ƙarƙashin malafa, amma ba fuskata ya duba ba. Ƙwaurina ya duba, inda tabon takalman 'yan gaba ya yi layi-layi. Matan suka yi tsit. Na auna nisan ruwa, na ce in ya taɓa ni zan faɗa.

Ya matso har ina jin warin tabarsa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa da gurɓatacciyar Hausa.

"Ina wurin. Ƙwallo ka taɓa."

Ya sa takalminsa ya tura bakin kwalekwalen cikin ruwa, ya juya ya tafi.

Ya Falmata tana tsaye a gaɓa da tulu a ka kamar ɗiban ruwa ta zo. Ba ta ɗaga hannu ba, ni ma ban ɗaga ba. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Kusuri ma ƙasar Faransa ce, don haka ban tsaya ba. Damina ta rufe hanyar mota, baƙar ƙasar nan ta zama taɓo mai kama ƙafa har gwiwa. Na bi wasu Shuwa masu kora shanu, ina taya su kiwo suna ba ni nono. Sauro ya cinye ni, zazzaɓi ya kama ni, na yi ta tafiya ina ganin hanya biyu-biyu. Kogin iyaka da iyo na haye shi, nesa da inda masu tsaro suke, riƙe da wutsiyar saniya. A Yerwa na yi dako a tasha har na sami na mota. Duk wanda na ji ya fito daga Fallomi sai in tambaye shi labarin Ngaro. Wani ya ce an sake shi, wani ya ce an kai shi arewa. Daga baya na buga wa ƙungiyoyi a Kano, aka kira ni tawagar Arewa, na yi tsaron baya da mutane da yawa, ban daina tambaya ba, kuma har yau ban sami wanda ya tabbatar mini ba.

Na iso gida ruwa ya cika fadama maƙil. A bakin kogi na tarar da Baba yana ɗinkin koma. Ya dube ni, ƙashi da fata, ƙafa duk gyambo. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambaye ni tuƙi ba. Ya sa aka kawo mini fura, ya bari na sha, sannan na kwashe labari na gaya masa tun daga tamfol har wutsiyar saniya. Baba bai taɓa kallon ƙwallo ba a rayuwarsa. Ya saurara har na gama, allura a hannunsa.

"To, wasan da aka yi duk wannan a kansa, kun ci ko an ci ku?"

"Ba wanda ya ci, Baba."

"Ba wanda ya ci?"

"Aikina ke nan. In hana a ci."

Ya dubi ruwa. Can ya soke allurar a jikin komar, ya miƙe yana kaɗe rigarsa.

"Tunda tarewa ka iya, ga ruwa can ya fara cin jingar gonar shinkafa. Ka huta yau. Gobe da safe ka ɗauki fartanya."